Karya, Ɗura, Ɗana: Ni da Handi-Rifle Mutu-ka-raba

Bari in faɗa tun da wuri, kada wani ya ce na yaudare shi: ni ɗan gani-kashe-nin wannan bindiga ne. Wanda yake neman alƙali mai sikeli ya nemi wani. Gwanata na zo yabo, Handi-Rifle ta kamfanin Harrington & Richardson, bindigar farauta mai cin harsashi ɗaya, wadda aka daina ƙerawa tun 2015 amma har gobe masu ita a Amurka ba su gaji da zancenta ba. Gajera mai dogon hannu! Mai magana ɗaya ba ta sakewa! Ta talaka mai cika firiza!

Araha ba ta ado, in ji masu iya magana, kuma na yarda, ado kam ba ta da shi. In ka jera ta da 'yan'uwanta a kantin bindigogi, ita ce ta ƙarshe da ido zai sauka a kanta. Ƙotarta katakon talakawa ne da aka shafa wa launin ƙasa-ƙasa, wasu ma baƙar roba ce. Babu zane, babu ƙyalli. A lokacin da ake ƙera ta, sabuwa fil ba ta kai dala 300 ba. Tawa ta hannu ce, na same ta a wani ƙaramin kanti a bayan garin Kolombas na jihar Ohayo, inda nake zaune, a kuɗin da bai kai na gyaran birkin motata ba. Akwai ƙwarzane a gindinta, shuɗin ƙarfen ya koɗe daidai wurin da tafin hannun mai ita na farko yake kamawa. Ƙwarzanen nan da koɗewar nan su suka fara jan hankalina. Bindigar da ta koɗe a wurin riƙo ta sha dawa, ba kwanan akwati ta yi ba.

Ɗauke ta ka duba. Bututu ne guda, inci 22, da ƙota, da wani dunƙulen ƙarfe a tsakiya da ya haɗa su. A daman gudumar da ke bayanta akwai ɗan maɓalli. Ka danna shi da babban yatsa, sai bindigar ta karye biyu kamar wuƙar aljihu, bakinta ya sunkuya ƙasa, gindin bututun ya buɗe yana kallonka. Ka zura harsashi ɗaya. Ka mayar da ita, ta ce ƙwas! Ka ja guduma baya, ta ɗanu. Ka auna, ka ja kunama. Karatun ke nan gaba ɗaya, daga baƙi har wasali. Yaro ɗan shekara goma zai haddace shi kafin shayi ya huce. Kuma wannan ƙwas ɗin, wallahi in na ji shi da asuba a cikin sanyi, har cikin ƙirjina nake jin daɗinsa.

Da yake ba ta da gidan jera harsasai, ba ta kuma da sakatar da ake ja baya a tura gaba, duk tsawonta inci 38 ne, bai cika mita ɗaya ba. Bindiga mai sakata da ke da bututu irin wannan takan ɗara ta da kusan faɗin tafin hannu. Wanda bai taɓa kutsawa cikin sarƙaƙiya da bindiga a kafaɗa ba zai ce wannan ɗan bambanci ba komai ba ne. Nauyinta kilo uku da 'yan kai. Bahago da na-dama duk ɗaya ne a wurinta, ba ta watso wa kowa kwanso ta gefen fuska. In kuwa wanki za ka yi mata, noti ɗaya tak za ka kwance a ƙarƙashin katakon gaba, sai ta rabu gida uku a kan tabarma. Ka leƙa bututun daga gindi har baki kamar mai leƙen kara, ka goge, ka mayar. Na fi daɗewa a wankin tukunyar tuwo.

Wani dattijo Bature, maƙwabcina, ɗan manoma ne da ya yi ritaya, shi ya jefa ni cikin wannan soyayya. Da na gama darasin koyon farauta da jihar ke wajabta wa sabon maharbi, na karɓi lasisina, sai na je masa da hotunan bindigogi masu sakata da masu sarrafa kansu, ina ta zumuɗi. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye, ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar Handi da ta fi tawa jin jiki.

Ya ce, "Yaro, barewa nawa kake so ka harba a lokaci guda?"

Na ce, "Ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To me za ka yi da harsashi biyar? Wanda ya san yana da na biyu, da rabin hankali yake harba na farko."

Tun ranar nake jin wannan magana daga bakin masu ita, kowa da irin lafazinsa. A filin gwajin harbi nake haɗuwa da su, da wurin baje kolin bindigogi, da layin mahautan da ke gyara naman dawa a ƙarshen Nuwamba. Mutane ne masu ban dariya. Har wani suna suka laƙaba wa kansu da ke nufin mashayan Handi, don ba kasafai za ka samu mai guda ɗaya ba. Akwai manomin da tasa ke kwana a bayan kujerar a-kori-kura, mai cin .223 ko .22 Hornet, don maganin dilolin da ke yi masa ɓarna da wani ƙaton gafiyan gona da ke haƙe masa ramuka a wake. Akwai uban da ya saya wa 'yarsa mai gajeriyar ƙota, mai cin .243, su tsallaka Kentaki ko Fensilbeniya inda doka ta yarda da irin wannan harsashi. Akwai kuma malaman cikinsu, masu ɗura harsashinsu da kansu a gareji, su narka dalma su zuba a mazubi, su auna albarushi a ɗan sikeli kamar masu sayar da zinariya. Su waɗannan ba abin da suke so kamar yadda kwanson ke fitowa a hannunka, ba sai ka bi shi kana lalube a ciyawa ba. Kamfanin ya yi ta da bakuna iri-iri, tun daga ɗan mitsitsin .22 Hornet har zuwa ƙaton .500 S&W Magnum, har da wata mai dogon bututu inci 32 da ake kira Buffalo Classic, wadda in ka gan ta sai ka rantse daga fim ɗin kaboyi ta faɗo.

Abin da ya fi sa tsofaffin masu ita lumshe ido in suna tunawa shi ne tsarin ƙarin bututu. A da, sai ka aika wa kamfanin dunƙulen tsakiyar nan kawai, su daidaita maka wani bututun a kansa su dawo maka da shi, a kuɗi kaɗan. Jiki ɗaya, baki uku ko huɗu: wannan na barewa, wannan na dila, wannan mai watsa ƙwayoyi na talotalon daji da zomo. Ka kwance noti ɗaya, ka sauya, ka zama wani maharbin daban. Amma a nan dole in ja kunne, don na ga sababbin shiga suna sayen bututu a kasuwar 'yan gwangwan suna murna. Jikin iri biyu ne. SB2 ƙarfe ne da aka gasa don ya jure matsin harsashin raifil, shi ke ɗaukar kowane bututu. SB1 na bindigar tsuntsaye ne da harsasai marasa matsi sosai. Ba a ɗora bututu mai ƙarfi a kan SB1. Kuma ko a kan SB2 ɗin, bututu ba hula ba ce da za ka cire daga kan wani ka kafa a naka. Sai gwanin gyaran bindiga ya daidaita shi ya tabbatar ya kulle tsaf.

Ranar da na kawo tawa gida, na kira Kawu ta bidiyo. Kawu tsohon maharbi ne a wani ƙauye na ƙasar Ningi, a bayansa na fara shiga dawa ina riƙe masa gora. Da harba-ka-ruga ya fara, ƙirar maƙerin garinmu. Ina iya tuna yadda yake zuba albarushi ta baki, ya tura tsumma ya daddanna da sanda, ya zuba ƙwayoyin dalma, ya sake tura tsumma, duk yana motsa leɓe. In ya harba, hayaƙi ya turnuƙe, sai mun jira iska ta yaye kafin mu san ko an dace. Daga baya ya samu mai baki ɗaya 'yar Rasha, Baikal, irin wadda ake ƙerawa a garin Izhevsk tun 1964, wadda mafarautan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya suka sani kamar yunwar cikinsu. Na ɗaga Handi a gaban waya, na karya ta, na mayar.

Ya matso da fuskarsa har hancinsa ya cika allon. Ya ce, "Kai ɗan nan, wannan ai 'yar Rashata ce aka sa wa tabarau!"

Na ce, "Kusan haka ne, Kawu. Sai dai taku ƙwayoyi take watsawa, cikinta sumul yake. Wannan akwai zane a murɗe a cikin bututun, shi ke juya harsashin ya tafi a miƙe."

Ya ce, "Nawa take ci?"

"Ɗaya, Kawu."

Ya gyaɗa kai. "Madalla. Mai ci da yawa ta ragon maharbi ce."

Na yi dariya har na kusa yar da wayar. Ga tsoho a Ningi, ga tsoho a Ohayo, ba su taɓa jin labarin juna ba, kuma bakinsu ɗaya.

Tawa .45-70 take ci, kuma a nan ne soyayyar ta zama hauka. Harsashin nan ya girmi kakan kakana. Sojan Amurka suka karɓe shi a 1873 don bindigarsu ta Springfield, wadda ita ma ɗuri ɗaya ce. Sunan ma lissafi ne: 45 faɗin bakin, 70 awon baƙin albarushin da ake zuba masa a wancan zamani. Dalmarsa ta asali ta kai giram 26. Ka ɗora shi a tafin hannu, tsawonsa kamar ɗan yatsa, kaurinsa kamar alli, kwanson rawaya yana sheƙi. Ba ya gudu kamar harsasan zamani, tafiyarsa baka take yi kamar jifan dutse, shi ya sa masu hankali ba sa wuce taku 150 da shi. Amma a cikin wannan tazara, inda ya sauka magana ta ƙare. Da tsohuwar zuma ake magani.

Dalilin da ya sa wannan tsoho ya dawo kasuwa a jiharmu abin sha'awa ne. Shekara da shekaru Ohayo ba ta yarda a harbi barewa da raifil irin ta zamani ba, saboda ƙasa ce mai gonaki da gidaje kusa-kusa, ana gudun harsashi mai dogon zango. Sai a 2014 aka buɗe ƙofa ga harsasai masu miƙaƙƙen kwanso, waɗanda ba su da wuya kamar kwalba, irin su .45-70 da .44 Magnum da .444 Marlin da .357 Magnum. Tun kafin nan, can kudu, Misisifi da Luwiziyana sun riga sun shigar da mai ɗuri ɗaya mai guduma a waje cikin lokacin farauta da makaman gargajiya, abin da ya sa mafarautan can suka yi mata rubdugu. Ilinoi kuwa da ta tashi buɗe nata a farkon 2023, cewa ta yi raifil ɗin dole ta kasance mai harsashi ɗaya. Ka ji fa! Kamar don Handi aka rubuta dokar. Amma ina, ta riga ta tafi da shekara takwas.

Wannan shi ne ciwon da ke zuciyar kowane mashayin Handi. Mai ƙera ta kamfani ne mai tarihi, tushensa tun 1871 a garin Worcester na jihar Masacusets. Ya ƙera wa sojan Amurka bindigogin M1 Garand da M14, ya yi ƙananan bindigogin hannu da na tsuntsaye ba iyaka. Ya durƙushe a 1986, aka tashe shi a garin Gardner, inda aka riƙa buga wa kayan suna biyu, H&R da New England Firearms. Kamfanin Marlin ya saye shi a 2000, Remington ya sayi Marlin a ƙarshen 2007, aka rufe masana'antar Gardner a 2008 aka mayar da aikin Ilion a jihar Niyok, sannan a farkon 2015 aka kashe injin gaba ɗaya. Sunan yana nan da rai, wasu sun saye shi a gwanjon 2020, amma wasu bindigogin daban suke yi da shi. Shekara ɗaya tak Handi ta yi tana cin moriyar dokar Ohayo. Harsashin .350 Legend da Winchester ya fitar a 2019 musamman don irin waɗannan jihohi, ko gaisawa ba su yi ba. Yau ta hannu mai kyau sau da yawa ta fi kuɗin da aka saye ta sabuwa. A jikin bututun tawa an buga Gardner, kuma in na faɗi haka a cikin 'yan'uwa sai ka ga ana gyaɗa kai kamar na ce kakana ya yi sarauta.

Masu ita ba sa ɓoye halinta, sai dai yadda suke faɗa kamar uwa ce ke ba da labarin ƙiriniyar autanta. Za su ce maka kunamar wasu tana da tauri, sai an kai wa gwani ya lallashe ta, ko kuma yawan harbi ya tausasa ta. Za su ce ba ta son mai a harshen makullinta. Ka bar wurin a bushe ƙayau, kuma in za ka rufe ta ka rufe da ƙarfi, kada ka lallaɓa kamar mai rufe ƙofar ɗakin jariri, don in ba ta kulle iri ɗaya kowane lokaci ba harsashi ma ba zai sauka wuri ɗaya ba. Za su ce katakon gaba in ya matse bututu yakan karkatar da saiti, maganinsa kuwa ɗan zoben roba irin na gyaran famfo, a saƙala shi a wurin notin. Zoben famfo fa! Bindigar da ake yi wa magani da abin da bai kai kuɗin biredi ba, ta yaya mutum ba zai so ta ba? In kana gwaji a kan tebur, ka ɗora ta kusa da maƙogwaron da take karyewa, kada ka ɗora bakin katakon. Ka harba uku, ka bar ta ta huce, don bututu in ya yi zafi harsasai sai su fara hawa sama kamar tururuwa a bango. Ni duk wannan ban ɗauke shi aibi ba. Bindigar dawa ce, harbin farko daga bututu mai sanyi shi ne aikinta, kuma a wannan harbin tawa ba ta taɓa ba ni kunya ba. A taku ɗari ina rufe ramuka uku da murfin kwalbar zuma.

Shuri kam tana da shi. Dalma mai nauyi a bindiga marar nauyi, dole kafaɗa ta biya kuɗin. Ranar gwajina na farko na harba goma sha biyu don zumuɗi, washegari da kyar na ɗaga hannu na yi kabbara. Uwargida ta dube ni ta ce, "Malam, kai ka harbi bindigar ko ita ta harbe ka?" Dattijo ya koya mini dabara: a cire robar gindin ƙota, akwai dogon rami a ciki, a cika shi da ƙwayoyin dalma a cikin leda. Nauyi ya ƙaru kaɗan, shurin jaki ya koma turin rago. Na kuma sa wa gudumar ɗan kunne a gefe, don madubin hange yana rufe ta, babban yatsa ba ya samun wurin kamawa, balle da safar hannu.

Makon harbin barewa da bindiga a Ohayo yana farawa ran Litinin ɗin da ke bin bikin godiya na ƙarshen Nuwamba, kwana bakwai. Muna zuwa gonar wani ɗan'uwan Dattijo a tuddan gundumar Coshocton, da takardar izinin mai gona a aljihu kamar yadda doka ta ce, da riga ruwan lemo mai kashe ido don kada wani maharbin ya ɗauke ka nama. Shekarata ta farko, abin kunya ya same ni, kuma laifina ne ni kaɗai. Wani namiji mai ƙaho ya fito daga cikin karan masara, ya tsaya ya ba ni haƙarƙari kamar an zana. Zuciyata na dukan tara-tara. Na ɗaga, na auna, na ja kunama. Shiru. Na ƙara ja har yatsana ya yi fari. Shiru. Ashe ban ɗana guduma ba. Kafin in farga ya ɗaga farar wutsiyarsa kamar mai yi mini bankwana da hankici, ya faɗa kurmi. Dattijo ya yi dariya har da tari. Kawu kuwa da na ba shi labari cewa ya yi, "Kowa ya ci zomo ya ci gudu, ɗan nan. Kai ko gudun ba ka fara ba."

Shekara ta biyu na yi sallar asuba a gefen mota, a kan kwali, raɓa ta daskare a ciyawa tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin goshina. Na taka zuwa gindin wata bishiya da na zaɓa tun jiya, na zauna na jingina. Doka ta ce sai saura rabin awa rana ta fito ake fara harbi. Da lokaci ya yi na karya ta a hankali, na zaro harsashi ɗaya daga aljihun ƙirji inda ya ɗumama, na zura, na rufe. Ƙwas. Na ɗora ta a cinya, guduma a kwance. A haka ko faɗuwa ta yi ba za ta tashi ba, don akwai wani ɗan ƙarfe tsakanin guduma da allurar da ke sokar harsashi, wanda ba ya hawowa sai an ja kunama an riƙe. Awa biyu ina zaune. Yatsun ƙafata suka mutu. Kurege ya zo ya zage ni ya gaji ya tafi. Can sai na ji taku, ba irin na kurege mai tsalle-tsalle ba, taku ne mai tsayawa yana saurare. Mace ce babba, ita kaɗai, tana saukowa ta gefen rafi, tururi na fita daga hancinta. Ta tsaya bayan wani kututture, kai da wuya kawai nake gani. Da harsashi biyar gare ni, na san halina, da na gwada sa'a. Ɗaya gare ni. Na jira. Na danne guduma da babban yatsa na ja ta a hankali don kada ta yi ƙara. Na ƙirga numfashina ya fi talatin. Ta ɗaga ƙafa, ta fito fili, kamar taku saba'in tsakaninmu. Na sa saiti a bayan kafaɗarta, na ce bismillahi, Allahu akbar.

Ban ji shurin ba sam. Ta yi tsalle ɗaya, ta yi 'yan taku, ta kwanta. Na karya bindigar, kwanson ya leƙo da ɗuminsa, na sa shi a aljihu, yana nan a kan teburina har yau. Na ɗura wani don ko-ta-kwana, na isa wurinta da sauri da wuƙa a hannu, don malamanmu sun ce in ka tarar da sauran rai ka yanka. Na tarar, na yanka. Sannan na zauna a kan ganye, hannuna yana rawa, na yi wa hukumar namun daji rajistarta ta waya.

A nan wani tunani yakan zo mini. A farkon ƙarnin da ya wuce barewa ta ƙare ƙaf a Ohayo, sai a 1943 aka sake buɗe farautarta. Yau ga ta har cikin unguwanni tana cinye wa mutane furanni. Cikin abin da ya dawo da ita akwai wata dokar 1937 da ta ce harajin da ke kan bindigogin farauta da harsasai, wanda yau kashi 11 ne cikin ɗari, kuɗinsa ya tafi kula da dawa. Kowane akwatin .45-70 da na saya, da ɗan rabon barewar a ciki. Kawu kuwa in ya fara lissafa mini gwanki da kanki da gada da ya sani a dazukan ƙuruciyarsa, sai muryarsa ta yi ƙasa, ya sauya zance.

Naman ya kai mu har bazara. Uwargida ta yi dambu, ta yi farfesun haƙarƙari da ya sha citta da masoro, ni kuma na yi fama da kilishi a tandun girki, na shafe shi da tunkuza da yaji, ya fito ba laifi ko da yake mahautan Agadasawa za su yi mini dariya. Ran Juma'a na kai wa 'yan'uwa masallaci a leda. Wani ya tambaye ni wace irin bindiga ce, da na nuna masa hoto ya ce, "Wannan 'yar abar?" Na ce ita fa.

Ba a bar gidan ba magaji, gaskiya. CVA Scout, da ake ƙerawa a garin Bergara na ƙasar Sifen, ita ta gaji kasuwar talakawa, kuma masu ita suna yabon laushin kunamarta, na harba ta abokina na ji abin da suke faɗa. Kamfanin Henry ya fito da tasa a 2017, kyakkyawa mai katako na gaske, har da mai jikin tagulla, sai dai kuɗinta ya ɗara. Akwai Rossi daga Barazil. Can sama kuma akwai Ruger No. 1, sarauniyar masu ɗuri ɗaya tun ƙarshen shekarun 1960, wadda ni da ita sai kallo ta bayan gilashi. Duk ina gaishe su. In sabon maharbi ya tambaye ni yau, zan ce ya sayi Scout ya huta da yawon nema. Amma in ya ci karo da Handi mai jikin SB2, bututu mai haske, makulli mai kamawa gam ba girgiɗi, ya biya kafin mai kantin ya sake shawara.

Babban ɗana ya kai shekara goma sha biyu, ya gama nasa darasin, kuma barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da Handi nake koya masa riƙo a tsakar gida, ba harsashi. Dokarmu ɗaya ce: in ba harbi za ka yi ba, a karye take. Bindigar da ke karye a kan hannu, daga nesa kowa yana ganin ba komai a cikinta, shi ya sa iyaye da yawa a nan da ita suke fara wa 'ya'yansu. Sai dai .45-70 ta fi ƙarfin kafaɗarsa. Rannan ya ce, "Baba, yaushe zan samu tawa?" Na ce ya bari mu gani.

Abin da bai sani ba, makon jiya na leƙa kantin nan na bayan gari, wai sayen man goge bututu. A can ƙarshen layi, bayan masu ƙyalli, na hango wata 'yar gajera mai cin .44 Magnum, ƙotar katako, an buga Gardner a jikinta. Na karya ta na leƙa, cikinta kamar madubi. Na mayar, ta ce ƙwas. Na ba da kafin alƙalami, ran Asabar zan je in cike takardu in ɗauko. Uwargida ba ta sani ba tukuna. Man goge bututun ma na manta ban saya ba.